Shin Ko Kun San? Inda Man Motarku Yake Zurarewa

Tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya tsaya a Dandalin Eagle da ke Abuja ya ce tallafin mai ya ƙare, hirar masu abin hawa ta sauya. Litar fetur da ake saye ƙasa da naira 200 ta kai wajen 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta haura 1,000. Nan take kowa ya zama malamin tsimin mai. A tasha akwai fatawa, a gareji akwai fatawa, a majalisar bakin titi ma ba a rasa ba. Sai dai da yawa daga cikin dabarun nan gadon zamanin Fijo 504 ne, wadda aka riƙa harhaɗawa a Kaduna bayan buɗe kamfanin PAN a 1975. Waccan motar kafireta ce, kuma shawarwarin sun yi mata daidai. Ta yau kwamfuta ce take auna mata abin da za ta sha, shi ya sa wata dabarar da ta ceci iyayenmu ita ce take cinye mana aljihu.

Shin ko kun san hayaƙin da mota take fitarwa ya fi man da ta sha nauyi? Litar fetur ba ta cika kilo ɗaya ba, giram 750 ce ko ƙasa da haka kaɗan. Amma in ta ƙone sai ta haifar da kimanin kilo 2.3 na iskar kabon-dayokzaid, wadda ita ce kan gaba wajen ɗumama duniya. Litar dizal kuwa tana ba da sama da kilo 2.6. Babu tsafi a ciki: gawayin da ke cikin man ne yake haɗuwa da iskar shaƙa da inji ya zuƙo daga waje, kuma iskar ce ta kawo yawancin nauyin. Saboda haka wanda ya cika tanki mai cin lita 50 ya ƙone shi, ya saki abin da ya fi buhun masara mai kilo 100 nauyi zuwa sama, ba tare da ya ga ko ƙwaya ba. Babu wani gyara ko magani da zai rage wannan lissafi. Lita lita ce. Wanda ya rage shan mai shi kaɗai ya rage ta.

Ko kun san cewa cikin kowace naira 1,000 da kuka zuba a tanki, abin da yake isa ga taya bai kai naira 350 ba? Saura zafi ne. Wani ya fita ta salansa, wani lagireto ya watsar da shi, wani ya tafi a gogayyar ƙarafa.

Shin ko kun san iska ce babbar abokiyar gabar mota a kan babban titi? A cikin gari nauyin mota ne da yawan tsayawa suke shan mai. Amma da zarar an fita daji an wuce gudun kilomita 80 a awa, ture iskar da ke gaba shi yake zama babban aikin inji. Kuma turjiyar iska ba daidai da gudu take ƙaruwa ba, gaba take yi ta bar shi: in ka ninka gudu sau biyu, ita sai ta ninka sau huɗu. Direban da ya tashi daga 100 zuwa 120 ya ƙara wa kansa turjiya da kashi 44 cikin ɗari. Me ya samu? A tafiyar kilomita 100, minti goma kacal. Minti goman nan kuma yawanci a shingen bincike na gaba ko a bayan wata tirela zai mayar da su, ya tarar wanda ya wuce ɗazu da ƙura yana bayansa yana kallon lambarsa.

Gwamnatoci sun daɗe da sanin wannan. Lokacin da ƙasashen Larabawa suka rufe famfon mai a kan Amurka da wasu ƙawayen Isra'ila a 1973, abin da Shugaba Richard Nixon ya sa wa hannu a Janairun 1974 shi ne dokar taƙaita gudu a mil 55, wato kimanin kilomita 89 a awa, a duk faɗin ƙasar. Don tsimin mai aka yi ta, sai ga shi mace-macen hanya ma sun ragu a shekarar. Ba a soke ta gaba ɗaya ba sai 1995. Holan kuwa a wancan rikici hana tuƙi ta yi ranakun Lahadi, har mutane suka riƙa yawo da kekuna a kan manyan tituna. Ita ce kuma a Maris ɗin 2020 ta mayar da gudun rana a manyan hanyoyinta zuwa 100 saboda gurɓatar iska. A Nijeriya iyakar ƙaramar motar gida 50 ce a cikin gari, 80 a babban titi, 100 a tagwayen hanya. Wato wanda ya bi dokar hukumar kiyaye haɗurra ya riga ya shiga tsimin mai ko bai yi niyya ba.

Kun san duk lokacin da kuka taka birki, man da kuka riga kuka biya kuke ƙonawa a banza? Mai aka sha aka tara wannan gudu, birki kuma ya mayar da shi zafi. Ma'aikatar Makamashi ta Amurka ta ƙiyasta cewa tuƙin ganganci, wato fizgar mota da cin taya da taka birki bagatatan, yana iya ƙara shan mai da kashi 10 zuwa 40 cikin ɗari a cikin cunkoso. Babu wani gyaran gareji na yau da kullum da yake kai wannan. Duba direbobinmu a danja: ja ta kama tun daga nesa, amma mutum yana kan totur har sai ya iso layi. Da ya ɗaga ƙafa tun da ya hango ta, da wataƙila kafin ya ƙaraso ta saki, bai ma tsaya ba. Motoci irin su Toyota Prius, wadda ta fito a Japan a 1997, wannan asarar suka zo tarewa: in an taka birki sai su mayar da wani ɓangare na ƙarfin cikin batir.

Shin ko kun san sa mota a firi a gangara ba tsimi ba ne a motar zamani? Wannan ita ce fatawar da ta fi kowace farin jini a tasha, kuma a zamanin kafireta tana da ɗan hujja. Amma a motar da kwamfuta take ba ta mai, idan kana gangara cikin giya ka ɗauke ƙafa daga totur, kwamfutar takan datse man ɗungurungum, domin tayoyi ne suke juya injin. Da ka zare giya, dole ta koma ba shi mai don kada ya mutu. Ka ga an yi ba a yi ba. Mafi muni shi ne masu kashe injin baki ɗaya. In inji ya mutu sitiyari sai ya yi tauri, birki kuma bayan taku ɗaya ko biyu sai ya sandare, saboda injin ne yake taimaka musu. Wanda ya san gangaren Hawan Kibo a hanyar Jos ya san ba wurin gwada wannan ba ne. Giya ita ce take riƙe mota a gangara, ta hutar da birki kada ya yi zafi ya saki.

Ko kun san motar zamani ba ta buƙatar a tsaya ɗumama ta minti goma da safe? Rabin minti ya wadatar mai ya zaga ko'ina, sai a tashi a hankali. Inji ya fi saurin ɗaukar zafi yana tafiya. Masu taka totur da sassafe har unguwa ta amsa, su kam injin suke gajiyarwa, su kuma ta da jariran maƙwabta. Haka barin inji a kunne mota tana tsaye: yana iya shan lita ɗaya zuwa biyu a awa, gwargwadon girmansa da ko an kunna iyakwandishan. Gwaje-gwaje sun nuna tsayuwar da ta wuce daƙiƙa goma ta fi sabon tayarwa cin mai. Ba ana nufin a riƙa kashe mota a tsakiyar gosulo mai rarrafe ba. Amma jiran uwargida a ƙofar gidan biki, ko yara a bakin makaranta, ko layin gidan mai da ba ya motsi, wannan a murɗa makulli kawai.

Shin ko kun san bakaniken da ya cire muku tamosta ya ƙara muku kuɗin mai har ranar da za a mayar da ita? Abu ne da ya zama al'ada: mota ta iso daga Kwatano, kafin ta kwana biyu an cire wannan 'yar na'ura da ke tare ruwa tsakanin inji da lagireto, an kuma haɗa fanka kai tsaye ta yadda da an kunna mota za ta kama juyawa. Hujjar ita ce wai don ƙasar sanyi aka yi ta, mu kuwa zafi ne da mu. To ai motocin da ake sayarwa sababbi a Saudiyya da Dubai duk da tamosta suke zuwa, kuma ba mu fi su rana ba. An ƙera inji ne ya yi aiki a zafin da ya kai wajen digiri 90. In bai kai ba, kwamfuta tana ɗauka har yanzu safiya ce, sai ta ci gaba da ƙara masa mai. Ga asarar fetur, ga fulogi yana yin baƙi, ga ɗanyen mai yana wanke jikin silinda yana tsinka baƙin mai. Motar da take zafi tana da dalilinta: lagireto ya toshe, ko famfon ruwa ya gaji, ko fanka ta mutu, ko murfi ya daina riƙewa. Cire tamosta ɓoye ciwon ne, mai mota kuma ya ci gaba da biya a gidan mai kullum.

Haka batun abin nan da ke cikin salansa, wanda bakanikai suke kira indomi. Kun san akwai ƙarafa masu daraja a jikinsa, filatinam da faladiyam da rodiyam, waɗanda wasu lokuta sukan fi zinariya tsada? Dalilin da ya sa ake sace shi ke nan a Landan da Legas, kuma dalilin da ya sa wani lokaci ake ce maka ya toshe alhali lafiyarsa ƙalau. An fara sa shi a motocin Amurka gadan-gadan a 1975. Aikinsa shi ne juya gubar hayaƙi kafin ta fito, musamman kabon-monokzaid, iskar nan marar launi marar wari da take kashe iyali guda in an kwana da janareto a ɗaki. Mota marar indomi tana tafiya, amma ta koma fitar da irin gubar motocin shekarun 1960, kuma a motoci da dama fitilar gargaɗi takan kama ta ƙi mutuwa. Daga nan sai a liƙe fitilar da baƙin salatif. To wannan fitila ita ce za ta gaya maka ranar da na'urar auna iska da ke jikin salansa ta mutu, na'urar da lalacewarta take iya ƙara shan mai har da kusan kashi 40 cikin ɗari. Duk wanda zai bar mota ta kwana a gareji, ya leƙa ƙarƙashinta kafin da bayan.

Kun san launin hayaƙi yana magana? Baƙi: mai ya yi wa iska yawa, bai ƙone duka ba, kuɗi ne yake tashi. Shuɗi-shuɗi: inji yana cin baƙin mai. Fari mai kauri da ba ya ɗaukewa bayan mota ta yi zafi: ruwa yana shiga inda bai kamata ba.

Shin ko kun san lambar da ke jikin taya ba ita ce iskar da ya kamata a sa mata ba? Waccan iyakar abin da tayar za ta iya ɗauka ce. Ma'aunin gaskiya yana kan 'yar takardar da aka liƙa a jikin ƙofar direba, ko a bayan murfin tanki. Mai faci da yawa kuwa hannu yake bugawa a jikin taya, ko ya dogara da gejin da ya daɗe da mutuwa. Taya mai ƙarancin iska tana baje a ƙasa, tana jan mota baya, tana iya cin mai har kashi 3 cikin ɗari. Ba wani babban kaso ba ne, gaskiya. Babbar matsalar ita ce zafi: tayar da take lanƙwashewa a kowane juyi zafi take tarawa, a kwaltar watan Afrilu kuma ita ce take fashewa. A auna da safe kafin a yi nisa, ko da sau ɗaya a wata, domin taya lafiyayya ma tana rage iska da kanta. Af, ga wani ƙari: lambobi huɗu na ƙarshe a jerin da ya fara da DOT ranar haihuwar taya ce. In ka ga 2319, an yi ta ne a mako na 23 na shekarar 2019.

Ko kun san kayan da aka ɗaure a saman mota sun fi na cikin but shan mai nesa ba kusa ba? Ƙarin kilo 45 a cikin mota yana cin kusan kashi 1 cikin ɗari. Amma lodi a kan rufi, saboda iskar da yake tarewa, yana iya cin kashi 10 zuwa 25 a gudun babban titi. Katifa da buhunan tsarabar Sallah in za su shiga ciki, su shiga.

Iyakwandishan fa? Gaskiya ne yana shan mai, a tsananin zafi da gajeriyar tafiya yana iya cin fiye da kashi ɗaya cikin huɗu. Amma ba za a ce wa mutumin Sakkwato ko Agadas ko Maiduguri ya haƙura da shi a watan Mayu ba. Dabarar ita ce kada a ɗora masa aikin da iska za ta yi kyauta. Motar da ta wuni a rana, a sauke gilasai a fara tafiya zafin ya fice, sannan a rufe a kunna, a kuma danna maɓallin da ke sa shi juya iskar cikin mota maimakon jawo ta waje. A cikin gari sauke gilashi ya fi arha. A babban gudu kuwa buɗaɗɗen gilashi shi ma yana kama iska, ribar sai ta ragu. Inuwar darbejiya dai har yanzu ba a fara karɓar kuɗinta ba.

Shin kun san ƙurar hunturun da take toshe matatar iskar motarku yawancinta daga wani busasshen kwari take tasowa a arewacin Chadi, wanda ake kira Bodele, tsohon gindin Tafkin Chadi na zamanin da? A motar kwamfuta toshewar matata ƙarfi take ragewa, ba ta cika taɓa shan mai ba, domin kwamfutar tana rage man daidai da iskar da ta samu. A injin kafireta kuwa, wato yawancin baburanmu da kekunan adaidaita sahu, toshewar tana sa inji ya zuƙi mai fiye da kima. Don haka ɗan acaɓa da ɗan sahu su suka fi kowa cin ribar wanke matata. Baƙin mai ma haka: injin da aka rubuta wa 5W-30 aka ɗura masa mai kauri 20W-50 wai don ya fi "jiki", yana ƙara shan mai, ban da wahalar da ƙananan hanyoyin man suke sha.

Kun san Hukumar Kare Muhalli ta Amurka ta gwada na'urori sama da 100 da aka ce suna rage shan mai, da maganaɗisun da ake ɗaura wa bututu da ruwan da ake ɗigawa a tanki, ba ta sami wanda ya yi abin a zo a gani ba? Da suna aiki, da Toyota ta riga mai talla a gosulo sa su.

Sai maganar sayen mai da asuba, wai lokacin ya fi kauri. Fetur yana kumbura da zafi kam, kusan kashi 1 cikin ɗari a kowane digiri goma. Amma tankin gidan mai a ƙarƙashin ƙasa yake, inda zafi ba ya wani motsi tsakanin safe da azahar. Inda maganar take da ƙamshin gaskiya shi ne wajen 'yan bumburutu, da galan ɗinsu yake wuni a rana, ko da yake can ɗin abin tsoro ba zafi ba ne, gauraye ne da ƙarancin mudu. Haka masu jijjiga mota bayan famfo ya datse don a ƙara cusa rabin lita: wancan gurbin da ya rage an bar shi ne don kumburin mai. In an cike shi, man ko dai ya zube, ko ya shiga tukunyar gawayin da ke kama tururinsa ya lalata ta.

Shin ko kun san kamfanin kai saƙo na UPS a Amurka ya tsara wa direbobinsa hanyoyi ta yadda da wuya su yi kwanar hagu? Inda ake tuƙi a hannun dama, mai kwanar hagu sai ya tsaya jiran motocin da ke tahowa, inji yana ci. Zagaye ta dama ko da ya ɗan fi tsawo yakan fi arha, ya kuma fi aminci. Nijar a dama take tuƙi tun asali, Nijeriya ta koma dama ranar 2 ga Afrilu, 1972, Gana ta biyo baya a 1974. Lissafin ya hau kanmu ke nan.

Ba kowace doka ce take cin nasara ba. A 1989 birnin Meziko ya hana kowace mota fita rana ɗaya a mako bisa lambarta ta ƙarshe, don rage hayaƙi. Masu hali suka sayi mota ta biyu, tsohuwa mai arha mai lamba daban, kuma binciken da aka yi daga baya bai ga iska ta gyaru ba. Legas ta gwada tsarin lambar mara da cika a ƙarshen shekarun 1970 saboda cunkoso, attajirai suka yi mata irin wannan wayon.

Akwai kuma wadda ta yi nasara. Kun san an shekara kusan ɗari ana zuba dalma a fetur? Wani injiniyan kamfanin General Motors, Thomas Midgley, shi ya gano a 1921 cewa tana hana inji ƙwanƙwasa. Ita ce gubar da take daƙile ƙwaƙwalwar yara, irin wadda ta kashe ɗaruruwan yara a ƙauyukan haƙar zinariya na Zamfara a 2010. Ƙasashen Afirka kudu da Sahara sun daina sayar da fetur mai dalma daga farkon 2006. Aljeriya ce ta ƙarshe a duniya, ta ƙarar da nata a 2021. Wadda ta rage mana ita ce farar wuta. A 2016 wata ƙungiyar Suwizalan mai suna Public Eye ta auna dizal a gidajen mai na ƙasashen Afirka takwas, ta sami wanda farar wutarsa ta ninka iyakar Turai har sau 378. Turai ta tsaya a kashi 10 cikin miliyan, ECOWAS kuma a 2020 ta amince da 50. Abin ya shafi mai mota kai tsaye, domin farar wuta tana kashe indomi a hankali. Hayaƙin dizal kuwa tun 2012 hukumar binciken sankara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa shi cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo cutar. Waɗanda suka fi shaƙarsa ba masu motar ba ne, mai shayi ne, da mai tallar ruwa, da ɗan sandan da ke ba da hannu.

Ko kun san tsakanin 2015 da 2018 Turai da Amurka da Japan sun fitar da tsofaffin ƙananan motoci miliyan 14, kuma kashi 40 cikin ɗari Afirka suka nufa? Hukumar Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ce ta ƙirga. Nahiyar da take fitar da ƙasa da kashi 4 cikin ɗari na iskar da ke ɗumama duniya ita ce take karɓar motocin da wasu suka gama da su.

Shin kun san birnin Delhi ya mayar da bas-bas da kekunansa masu ƙafa uku kan iskar gas ta CNG tun farkon shekarun 2000, bisa umarnin Kotun Ƙolin Indiya na 1998? Kekunan nan na Bajaj da TVS su ne suka cika Kano bayan hana acaɓa a Janairun 2013. CNG ta fi fetur tsabta, kabon-dayokzaid ɗinta ya gaza nasa da kusan kashi ɗaya cikin biyar, kuma ita gwamnatin Nijeriya ta sa gaba tun 2023. Arewa dai tana jiran bututun Ajakuta zuwa Kaduna zuwa Kano, mai tsawon kilomita 614, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a 2020. Gargaɗi ɗaya: CNG ba gas ɗin girki ba ce. Matsinta ya ninka nasa fiye da sau goma, tukunyarta ta musamman ce, ba aikin mai walda ba. Motar da ta tarwatse a wani gidan gas a birnin Benin a Oktoban 2024, tukunyar ƙirar gida ce a jikinta.

Lantarki ma ya fara leƙowa. Habasha ta hana shigo da ƙananan motocin fetur da dizal a 2024, tana taƙama da wutar madatsun ruwanta. A Maiduguri, Mustapha Gajibo ya yi suna wajen mayar da ƙananan bas zuwa masu amfani da batir. Jelani Aliyu, ɗan asalin Sakkwato da ya zana motar Chevrolet Volt a Amurka, shi ne ya buɗe tashar cajin mota mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a 2021, lokacin yana shugabantar hukumar ƙera motoci ta ƙasa. Amma motar lantarkin da aka yi wa caji da janareto, hayaƙin ne kawai ya sauya unguwa.

Duk da haka, kun san dabarar da ta fi waɗannan duka ba ta buƙatar sifana? Kujerun da ba kowa a kansu. Motar da take shan lita 10 a kilomita 100, in mutum ɗaya ne a ciki lita 10 ya sha. In su huɗu ne, kowa biyu da rabi. Babu indomi ko taya ko baƙin mai da zai ba da wannan rangwame. Maƙwabta uku da 'ya'yansu suke makaranta ɗaya amma kowa yana fitar da tasa motar da safe, su suka san abin da suke yi wa kansu. Ba ana nufin obalodin tasha ba, fasinja biyu a gaba huɗu a baya wani a but. Jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna, mai kilomita 186, wanda ya fara aiki a Yulin 2016, wannan lissafin ne a babban sikeli, ga kuma ƙafar ƙarfe a kan dogo ba ta turjiya irin ta roba a kan kwalta. Faransa a 2023 ta kai ga soke wasu jiragen sama na cikin gida inda jirgin ƙasa yake kaiwa cikin ƙasa da awa biyu da rabi.

Shin kun san nawa motarku take sha? "Ba ta shan mai" ba amsa ba ce, allurar tanki kuma ba ta da amana. A cika tanki har famfo ya datse, a rubuta lambar kilomita. A yi zirga-zirgar da aka saba. A koma famfon nan a sake cikawa har ya datse. Litar da ta shiga a karo na biyu a raba ta da kilomitar da aka ci, a ninka da 100. Wanda ya ci kilomita 300 ya zuba lita 36, motarsa tana shan lita 12 a kowace kilomita 100. A mako mai zuwa ya daidaita iskar taya, ya sauke tarkacen but, ya sassauta ƙafa, ya sake aunawa a famfo ɗaya.